Wutar Titin da Muke Biya: Wa Za Mu Kai wa Ƙara?

  

Maganarmu ta yau a kan fitilun titi ne. Wani zai ce ƙaramar magana ce a lokacin da farashin masara da kuɗin haya suka hana mutane barci. To, a tambayi mai koko da ƙosai da take fita kafin asuba ɗauke da itace da tukunya. A tambayi dattijon da yake laluben hanya zuwa masallaci kusa da kwata marar murfi, ko yarinyar da take dawowa daga makarantar dare, ko fasinjan da motar Arewa ta sauke shi ƙarfe uku na dare da kuɗin albasa a aljihu. Mai ƙwacen waya ya fi kowa sanin turken da ya mutu a unguwa.

Abu na farko da nake so ku riƙe: wannan wutar ba kyauta ba ce, ba alfarmar wani ɗan siyasa ba ce. Kuna biya. Dokar harajin makamashi ta 2015, wato Doka ta 899, ta tanadi harajin fitilun titi a cikin kuɗin wutar da kowane gida da shago yake biya. Duk lokacin da kika sayi kiredit na mita, Hajiya, an cire wannan kaso tun kafin wutar ta shiga ɗakinki. Wanda ya biya kuwa yana da bakin tambaya.

Inda mutanenmu suke ɓata lokaci shi ne wajen sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da yawa suna zuwa ofishin ECG, tun da su ne masu wuta. ECG tana ba da lantarki, tana karɓar kuɗi, kuma in waya ta tsinke ko taransifoma ta lalace, nan za a je ba tare da jinkiri ba. Amma ƙwan da ya mutu a kan turke da gyaran fitilun cikin unguwa suna wuyan Asambili. 'Yan uwa na Bawku da Paga, ku naku kamfanin NEDCo ne, ba ECG ba, amma maganar gyara ɗaya ce: Asambilinku.

Sannan a Kumasi ba Asambili ɗaya ba ce. Tsohon Zango da ke kusa da babbar kasuwa yana ƙarƙashin KMA, mai ofishi a Adum. Aboabo, Asawase da Sawaba suna ƙarƙashin Asokore Mampong tun 2012. Tafo da Ayigya ma sun bar KMA a 2018, ɗaya ta koma Old Tafo, ɗaya Oforikrom. In ka kai takarda inda ba nan ba, za a yi maka murmushi a ce ka dawo gobe.

Ga yadda za ku yi. Bayan sallar isha'i, mutum uku ko huɗu su zaga layinsu da biro da takarda. Ku ƙirga turakun da ba su kamawa. In akwai lamba a jikin turke, ku rubuta. In babu, ku sa alamar da kowa ya sani, kamar masallaci ko famfo, ko adireshin GhanaPost GPS na gidan da yake kusa. Ku ɗauki hoto da waya. Har fitilar da take ci da rana tsaka ku sa ta a lissafi, domin ita ma lalacewa ce, kuma kuɗinmu ne yake ƙonewa.

Daga nan ku rubuta wasiƙa, gajera, da kwanan wata. Liman ya sa hannu, mai unguwa ya sa, shugabar mata da shugaban samari su sa. Ku yi kwafi uku: ɗaya ga asambiliman na unguwarku, ɗaya ga sashen ayyuka na Asambili, ɗaya ta zauna a hannunku, kuma kada ku bar ofishin sai an buga mata hatimin karɓa. Na nanata maganar hatimin nan domin mu mutanen Zango mun saba da maganar baki. Mu haɗu da asambiliman wajen suna ko jana'iza, mu ja shi gefe, ya ce "in sha Allahu", shi ke nan. Maganar baki ba ta shiga fayil. Bayan wata shida ba wanda zai tuna an yi ta.

Kada ku ji nauyin asambiliman ko da ɗan ƙanenku ne. Ku kuka zaɓe shi a Disamban 2023, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2016, Doka ta 936, ta ɗora masa ya riƙa tuntuɓar mutanen unguwarsa, ya kai kukansu zauren Asambili, ya dawo musu da amsa. In shiru ya yi yawa, kowace Asambili tana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a, wanda shugaban zauren yake jagoranta. Ku kai masa kwafin mai hatimi. In kuna son sanin nawa aka ware wa fitilu a kasafin bana da wanda aka ba kwangilar, dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ta ba ku dama ku tambaya a rubuce, kuma ta ba ofishin kwana 14 ya yanke shawara a kan buƙatarku.

Yanzu ga inda siyasa ta shigo, ba zan ɓoye muku ba. Asambiliman ba ya riƙe da kuɗi. Mai sa hannu a kan kuɗin shi ne shugaban Asambili, wanda ba ku kuka zaɓa ba. Shugaban Ƙasa ne yake naɗa shi. Waɗanda suka hau mulki a 2017 sun yi alkawarin za a bar jama'a su zaɓi waɗannan shugabanni, amma har shekararsu ta takwas ta ƙare ana naɗawa. Sun kafa ma'aikatar raya Zango a 2017, suka rushe ta a 2021. A 2024 Asusun raya Zango yana nan, kuma ba mu ce bai kafa fitila ko ɗaya ba. Amma kafawa daban, kulawa daban. Kafa sabon turke yana zuwa da kyamara da jawabi; canza ƙwan da ya mutu ba ya zuwa da komai, shi ya sa ake barinsa. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ba ƙananan hukumomi aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Ku tambayi duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, har da namu: wannan kuɗi yana isowa a kan lokaci? Nawa ne a cikinsa na gyaran fitilu?

Za ku ga motocin gyara suna fitowa duk lokacin da zaɓe ya matso. Ku bar su su gyara, hakkinku ne. Ku dai rubuta ranar da aka gyara kusa da ranar da kuka kai ƙara, ku ga tazarar.

Samari, roƙona gare ku: kada wanda ya hau turke da kansa don ya gyara ko ya ja waya, wuta ba ta san gwani ba. In kun ga wani yana yanke waya da dare ba tare da motar aiki ko katin shaida ba, ku sanar da mai unguwa da 'yan sanda, kada ku ɗauki doka a hannunku.

 In zaɓe ya zo, masu tafiya gida Arewa ko bakin iyaka don jefa ƙuri'a, ku nemi mota da wuri, ku riƙe katin zaɓenku a jikinku. Kafin ku tafi, ku bar wasiƙar layinku a hannun liman ya kai.