Maƙwabtan da Ba Mu San Ranar Idinsu Ba: Yahudawan Abuja



Akwai kalmar da kowannenmu ya furta a makon nan, wato Asabar. Daga Larabci muka aro ta, as-sabt, kuma tushenta ɗaya da Shabbat ta Ibrananci, ranar da ake ajiye aiki. Duk Bahaushen da ya ce wa abokinsa "sai Asabar", ko yake kiran 'yarsa Asabe, sunan ranar ibadar Yahudawa ya kama, ko bai sani ba. A nan Abuja da muke zaune kuwa akwai mutanen da kafin rana ta faɗi ranar Juma'a sukan rufe shago, su kashe waya, uwar gida ta kunna kyandir biyu, ba za su sake taɓa kuɗi ko hawa mota ba sai daren Asabar ya shiga. Maganarsu nake son mu yi yau.

Kashi biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai Yahudawan da aiki ya kawo daga waje, 'yan Isra'ila da Faransa da Amurka, masu aikin gine-gine da noma da jakadanci. Yawancinsu cibiyar Chabad suke zuwa, wadda Rabbi Israel Uzan da maiɗakinsa suka buɗe a Abuja a 2012. Chabad ƙungiya ce mai hedikwata a New York, tana tura malami da iyalinsa su zauna a duk inda Yahudawa suka yi ƙaranci, don kada a rasa mai jan addu'a da mai tanadin abincin da addini ya halatta. Kashi na biyu 'yan ƙasarmu ne, galibinsu Ibo. Suna da majami'ar Tikvat Israel a Kubwa, da ta Gihon a Jikwoyi, da wasu ƙanana. Da yawansu a coci aka haife su. Sun biyo ta ɗarikun da ke ibada ranar Asabar, daga bisani suka bar Kiristanci ɗungurungum, suka koyi baƙaƙen Ibrananci daga takardun da aka gurza da kuma intanet, wani ya iya ya koya wa wani. Ra'ayin cewa al'adun Ibo sun yi kama da na Bani Isra'ila ya daɗe, Olaudah Equiano ya kawo shi a tarihin rayuwarsa tun 1789. A yau dai ibadarsu ta yau da kullum ce ta dame ni, fiye da gardamar asali.

Ku dubi garin da suke ciki. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, Abuja ta zama garin baƙi, ban da Gwari da sauran 'yan ƙasa da aka tarar. Ana jibi Sallah hanyar Kaduna ta cika, ana jibi Kirsimeti hanyar Lokoja da ta Keffi su cika, kowa ya tafi gida. To, wanda ya bar addinin gidansu ya koma Yahudanci, ina zai tafi ranar idinsa? A ƙauyensu ba a san ranar ba. Gwamnati ba ta ba da hutu. Saboda haka majami'a ce garinsa, jama'arta su ne danginsa, kuma idan ba su haɗu sun tayar da idin da hannunsu ba, ranar za ta wuce kamar kowace Talata.

A nan ƙa'idar mutum goma take da nauyi. A Yahudanci akwai addu'o'in da ba a yi, kuma ba a fito da naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta wa jama'a, sai an sami baligai goma. Minyan suke ce wa wannan adadi. Mu da muke cika masallaci har sahu ya fita kan titi, da wuya mu ji abin da wannan yake nufi. A jama'ar da ba ta wuce gidaje kaɗan ba, rashin mutum ɗaya yana iya hana wa tara ibada. Wanda aka yi wa rasuwa yana buƙatar tara su tsaya tare da shi kafin ya karanta addu'ar mamaci, Kaddish. Don haka ba a rasa mutum a yi shiru. Za a bi sawu, a ji ko zazzaɓi ne, ko kuɗin haya ne, ko fushi ya yi da wani. Ni a ganina wannan ƙa'ida ita ce ta riƙe musu zumunci fiye da kowane wa'azi.

Asabar ɗin ma ba da arha suke samunta ba. Ga ɗan kasuwa, ita ce ranar ciniki. Ita ce ranar bukukuwan aure. Babban zaɓen ƙasar nan ma ranar Asabar ake yi, kamar na 25 ga Fabrairun 2023. Mai tsanantawa a cikinsu ba ya kunna wuta ko inji a ranar, ba ya girki, ba ya rubutu, idan aka ɗauke lantarki cikin zafin Afrilu sai haƙuri. Tun Juma'a ake dafa abinci a ajiye. Shi ya sa za ku ga suna neman haya kusa da majami'a, inda ƙafa za ta kai su. Haka batun ci. Naman alade haram ne gare su kamar mu, jini ma haka, amma nasu sharuɗɗan sun fi namu tsauri. Ba a haɗa nama da madara a tukunya ɗaya. Ba sa cin raƙumi da zomo. Kifi kuma sai mai ɓawo a jiki da fiffike, ke nan tarwaɗa, wadda ita ce kifin Abuja da ake gasawa a kowane lungu, ta fita. Ƙananan jatan landen da matan Ibo ke daka wa miya su ma sun fita. Ku auna nauyin wannan ga macen da uwarta ta koya mata girki da su. Yanka kuwa sai wanda ya yi karatun yanka, kuma irinsa ba su da yawa a ƙasar nan, don haka wasu gidajen sukan daɗe ba su ci nama ba.

Kalandarsu ta wata ce, kamar tamu, sai dai sukan ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, don kada bukukuwa su zagaya kamar yadda azuminmu yake zagayawa daga hunturu zuwa bazara. Shekararsu ta 5786 ta kama a Satumbar 2025. Da yake bukukuwan ba sa barin lokacinsu, kowanne ya sami yanayinsa a ƙasarmu.

Ƙarshen damina shi ne lokacin manyan ranaku. Ana farawa da Rosh Hashana, wanda mai jin Larabci zai tsinci ra'asus sana a cikinsa. Ana busa ƙahon rago, ana tsoma abu a zuma don fatan shekara mai daɗi. Kwana goma ana bin waɗanda aka ɓata wa ana neman gafara, domin a koyarwarsu haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Rana ta goma ita ce Yom Kippur, Ranar Kaffara: kusan awa 25 ba ci ba sha, daga faɗuwar rana zuwa duhun washegari, mutane sanye da farare, yini guda a majami'a. Mu Musulmi ba baƙi ba ne ga azumin Yahudawa. Littattafan hadisi sun kawo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura don tunawa da kuɓutar Annabi Musa.

Kwana biyar bayan nan sai Sukkot, wanda Kiristoci masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa suka sani da Idin Bukkoki. Wannan ne ya fi shiga raina. Mutum zai fita daga ɗakinsa mai kwano ya kafa bukka a tsakar gida, ya rufe ta da ganyen kwakwa ko kara ko zana, rufin da bai kai ya tare sama gaba ɗaya ba, ya ci abinci a cikinta kwana 7 don tuna zaman Bani Isra'ila a hamada. A ƙasar Falasɗinu, inda aka fara wannan idi, lokacin rani ne yake ƙarewa, ruwa bai kankama ba. A Abuja kuwa Satumba da Oktoba hadari bai gama ba. Malamansu sun yi rangwame, idan ruwa ya kai ya ɓata abinci a koma ɗaki. Amma ku yi tunanin ɗan haya a Kubwa ko Jikwoyi, unguwannin da suka cika da mutanen da tsadar cikin gari da rusau suka turo, yana koya wa ɗansa cewa kowane gida na wucin gadi ne. Ba ya buƙatar dogon tafsiri. A ƙarshen makon ake kammala karatun Attaura na shekara, a ɗauko littafin a yi ta zagayawa da shi ana waƙa, nan take kuma a koma farko. Wanda ya taɓa halartar saukar karatu zai gane farin cikin. Littafin kansa da hannu ake rubuta shi a kan fata, aikin kusan shekara guda, tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramar jama'a. Waɗanda ke majami'un 'yan ƙasa galibi kyauta ce daga Yahudawan waje, irin su Rabbi Howard Gorin na jihar Maryland, wanda ya sha zuwa Najeriya, da ƙungiyar Kulanu ta Amurka da ke taimaka musu da littattafai.

Da hunturu sai Hanukka, dare 8 ana ƙara fitila ɗaya kowane dare, don tuna sake tsarkake Haikalin Ƙudus a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa. Al'ada ce a ci abin da aka soya da mai, wanda a ƙasar ƙosai da fanke ba abin wahala ba ne. A kan wannan idi akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Farfesa William Miles na Jami'ar Northeastern a Boston, Bayahude ne mai jin Hausa. Ya zauna a Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta Nijar, ya rubuta Hausaland Divided a 1994 kan yadda iyakar Turawa ta raba mu. Shi ne ya zo Abuja ya yi Hanukka da waɗannan mutane, ya fitar da littafi a kansu a 2013. Mutumin da ya ci tuwo a ƙauyukanmu ya tsallako teku ya san maƙwabtanmu, mu da muke shiga mota ɗaya da su daga Berger zuwa Kubwa ba mu tambaye su ba. Wannan ya dame ni.

Purim yakan zo wajen Maris, ana aika wa maƙwabta abinci, ana ba matalauta sadaka, wadda suke kira tsedaka. Wata guda bayansa, cikin tsakiyar zafi, sai Pesach, Idin Ƙetarewa. Ana share gida tas daga duk abin da ya kumbura da yisti. Gurasar idin gari ne da ruwa kawai, a gasa kafin minti 18 ya cika. Da dare iyali su zauna a ba da labarin fita daga Masar, kuma mafi ƙanƙanta a cikin yara shi ke yin tambayoyi huɗu. Labarin Annabi Musa da Fir'auna ne, wanda yaranmu ke ji a makarantar allo da Islamiyya.

Na san abin da ke zukatan wasunku, don yana cikin tawa. Abin da aka yi wa mutanen Gaza ya ƙona mana rai, kuma ba zan nemi kowa ya sassauta ba. Dangantakar ƙasarmu da Isra'ila ma ba ta taɓa zama lami lafiya ba: Sardauna ya ƙi ta tun 1960, an yanke hulɗa a 1973, sai 1992 aka maido. Amma mai sayar da kayan gyaran mota a Kubwa bai jefa bam a kan kowa ba. Gwamnatin Isra'ila ba ta ma amince da Ibo a matsayin al'ummar Yahudawa da ke da haƙƙin ƙaura can ba. Haka nan don jagoran 'yan a-ware Nnamdi Kanu ya yafa mayafin addu'ar Yahudawa, bai sa duk mai zuwa majami'a ya zama ɗan a-ware ba. Akwai waɗanda suka riƙe addinin tun kafin a san sunansa.

Tarihinmu ma yana da abin faɗa. Shehu Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kuma muke girmama rubuce-rubucensa kan mulki, shi ne ya sa aka rushe majami'ar Yahudawa a Tamantit ta ƙasar Tuwat wajen 1492. Amma alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, ya ce suna da alkawarin amana, kuma Wansharisi ya adana fatawoyin ɓangarorin biyu a cikin al-Mi'iyar. Malaman Malikiyya ne dukansu. Ni ina tare da alƙalin, kuma hujjata ita ce Manzon Allah ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahuden Madina a kan sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Shugaban ma'aikata, idan wani ya nemi hutun yini guda a Satumba ko Oktoba ya ce Ranar Kaffara ce, ka san azumin awa 25 zai yi. Shugabar makaranta, kafin ki sa jarrabawa ranar Asabar ki tambaya ko akwai yaron da za ta hana. Mai gidan haya, bukkar da ka gani a tsakar gida kwana 7 za ta yi a kwance ta. Maƙwabci kuma, idan ka kai naman layya aka karɓa da godiya amma ba a ci ba, sharaɗin yanka ne ya hana, ka kai dabino ko lemo a wani karon. Idan kuma ka buga ƙofa ranar Asabar kana bin bashi aka ce ka dawo da dare, ka duba sama bayan magariba. Da zarar taurari uku sun fito, za su kunna kyandir mai tufka, su shaƙi kayan ƙamshi, su yi wa juna fatan mako mai albarka, sannan a buɗe maka ƙofa a ƙirga maka kuɗinka.