Jerin lambobi a R, MATLAB da Python

Aikin farko ga mai koya wa kwamfuta lissafi shi ne ya jera lambobi wuri guda, ya raɗa musu suna. Sai dai kowane harshen manhaja da irin tasa hanyar.

A harshen R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland, harafin c ake rubutawa, a zuba lambobin cikin baka, sannan kibiya mai duban hagu ta miƙa su ga sunan. MATLAB kuwa baka mai kusurwa ta ishe shi. Shi Python ba a gina shi musamman don aikin lissafi ba, shi ya sa masu lissafi ke jingina da wani ƙari mai suna NumPy, wanda ya fito a 2006.

Wannan duk na ado ne. R da MATLAB daga 1 suke fara ƙirga, Python daga 0, kuma ɗalibi kan saba da haka cikin mako guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ba jeri suna na biyu. A R da MATLAB, in ka taɓa na biyun, kwamfuta za ta ware masa kwafi, na farkon yana nan yadda yake. A Python jerin ɗaya ne, sunaye biyu, kamar mutum da laƙabinsa. Ka canja lamba a nan, ta canja a can, kuma kwamfutar ba za ta ce maka uffan ba. A ganina tsarin R ya fi tausaya wa ɗan koyo, ko da yake kwafin na cin wurin ajiya idan lambobin sun kai miliyoyi.