Wane ƙamus ke faɗin asalin kalma?

Yau zancenmu a kan ƙamus ne, wato littafin da ke tara kalmomi bi da bi, daga a har zuwa z. Ƙamus yana da tsada. Idan ajinku ya haɗa kuɗi zai saya, sai ku fara sanin aikin da kuke so ya yi muku.

Kalmar ƙamus ita kanta baƙuwa ce. Da Larabci ma'anarta teku. Wani malami, Firuzabadi, ya sa wa littafinsa na kalmomi suna Alƙamusul Muhiɗ, littafin ya shahara, har sunan ya bi duk irinsa. To, irin wannan labari ba kowane ƙamus ke ba da shi ba.

Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci, wanda Abdu Mijingini ya fitar a Yamai a 1987, na aikin yau da kullum ne: rubutu daidai da fassara. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ta Kano, na 2006, Hausa ce zalla, shi ya fi sauƙi ga wanda bai yi lakwal ba. Wanda ke koyon karatu, da ɗayan waɗannan zai soma.

Mai bin asali kuwa sai ya nemi na Bargery, na 1934. Kalmominsa sun kai wajen 39,000. Yana sa alama ga kalmomin da aka aro daga Larabci, yana kuma nuna ta Sakkwato ce ko ta Katsina. Amma bayaninsa da Ingilishi ne, sai an samo mai fassarawa. Haka ma na Neil Skinner, na 1996, wanda shi kwatanta Hausa da sauran harsuna kaɗai ya sa gaba. Hausarmu ta Adar, Bernard Caron ya yi mata littafi da Faransanci a 1991.

Ku duba abin da ake tonowa. Takobi da ayari daga Tamajak suka zo, harshen Abzinawa maƙwabtanmu. Takarda ma ta hannunsu ta biyo, tushenta kuwa can wajen Rumawa. Kasuwa da rubutu, masana sun ce daga Barebari muka same su. Mu nan muna cewa lokotoro, daga Faransanci. Tsallaken iyaka ana cewa likita, daga Ingilishi. Mai magani ɗaya ne, Turawan mulkin ne biyu.

Sai dai a yi hattara. Kama da wane ba ta wane ba ce. Wani zai ji "mutu", ya tuna Balarabe yana cewa "mata", ya ce aro ne. Ba aro ba ne. Hausa tana cikin harsunan Cadi, su kuma da Larabci da Tamajak da harshen tsohuwar Masar duk zuriya guda ne. Kalmar gado ce, kowa ya same ta daga kaka ɗaya. Ƙamus na kirki yana rarrabe aro da gado, inda kuma abin hasashe ne yakan faɗa.

Kafin ku biya, ku buɗe littafin ku nemi kalma uku: takobi, kasuwa, mutu. In fassara kawai ya bayar, to na fassara ne, ba na asali ba.

Mako mai zuwa za mu koyi neman kalma mai farawa da ɓ, ɗ da ƙ. A zo da alli da allo.