Daga Landan Zuwa Paris A Jirgin Ƙasa: Jawabin Da Na Gabatar A Taronmu Na Shekara

Kwamitin shirya taro ne ya ce lallai in tashi in ba da labarin wani abu da na gani lokacin da ma'aikatarmu ta tura ni kwas na shekara ɗaya a Ingila. Na yi ta tunanin me zan faɗa a gaban waɗanda suka koya mini magana, daga bisani na ga ya fi in ba ku labarin kwana uku da na yi a Paris, babban birnin Faransa, a watan Oktoba na 2023, da irin horon da jirgin ƙasa ya yi mini.

Tafiyar ta soma ne daga tashar St Pancras da ke Landan, ranar Juma'a da sassafe. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, tun a nan Landan jami'an Faransa ke duba fasfo. Ɗan Nijeriya kuwa sai da bizar Schengen, domin ta Ingila ba ta aiki a can. Jirgin, wanda ake kira Eurostar, yakan yi gudun kilomita 300 a awa ɗaya. Bayan mun wuce gonakin kudancin Ingila sai haske ya ɗauke, muka kutsa cikin ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 50, kusan 38 daga ciki kuwa ruwa ne a samanka. Minti ashirin muka yi a ciki, muka ɓullo a ƙasar Faransa. Daga Landan zuwa tashar Gare du Nord, awa biyu ne da kusan minti ashirin. Malam na labarin ƙasa, ina ganinka can a layin gaba: ruwan nan da ka sa muka zana da shuɗin fensir a aji uku, na bi ta ƙarƙashinsa ina shan shayi.

Ramin nan ba dare ɗaya aka yi shi ba. Tun 1802 wani injiniya Bafaranshe ya kawo shawarar, amma sai a 1986 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniya. A watan Disamba na 1990 masu haƙa daga ɓangarorin biyu suka haɗu a ƙarƙashin teku, sannan a ranar 6 ga Mayu, 1994, Sarauniya Elizabeth da Shugaba Mitterrand suka buɗe shi.

Da na sauka na ajiye jaka a masauki, sai na nufi Babban Masallacin Paris domin sallar Juma'a. An buɗe shi a 1926, don tunawa da Musulmin da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar Asabar na hau hasumiyar Eiffel, wadda aka gama a 1889, mai tsawon mita 330. Na shiga gidan tarihi na Louvre, na kuma tsaya daga nesa na kalli majami'ar Notre-Dame, wadda gobara ta ci a 2019. A lokacin ana kan gyaranta, sai a Disamba na 2024 aka sake buɗe ta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ranar Lahadi da la'asar na je unguwar Château Rouge, inda kasuwar 'yan Afirka take. Ina taya barkono sai na ji wani dattijo yana waya da Hausa. Na yi masa sallama, ashe mutumin Damagaram ne. Ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, ba ka barin garin nan ba ka ci abincina ba.” Muka zauna, aka kawo shinkafa da miyar gyaɗa, hira ta yi daɗi. Na duba agogo sau biyu, na ce a raina ai tasha biyu ce kawai a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na kuwa san an rubuta a tikitina cewa ana rufe ƙofa minti talatin kafin tashi, amma na ɗauka irin rubutun nan ne namu na katin biki.

Na isa saura minti ashirin. Ga jirgi ina hangensa, ƙofa kuwa a rufe. Na roƙi ma'aikaciyar da Turanci, na haɗa da ɗan guntun Faransancin da ya rage mini na aji biyu. Ta saurare ni cikin mutunci, ta nuna mini agogon bango, ta nuna mini ofishin tikiti. Ba wanda zan kira, ba wanda ya san wani. Gashi washegari da ƙarfe tara zan gabatar da aikina na kwas a gaban malamai, wanda idan na rasa shi, ban san da bakin da zan yi wa ma'aikatar da ta biya mini kuɗi bayani ba. Allah Ya taimake ni aka sami kujera a jirgin ƙarshe na daren, amma kuɗin da na biya ya ci abincina na mako biyu. Laifin nawa ne ni kaɗai.

A hanyar komawa, cikin duhun ramin nan, na tuna da mutanen da nake bari a benci a ƙofar ofishina tun ƙarfe takwas, ni kuwa sai goma nake shigowa. Na tuna wani tsohon malamin firamare da fayil ɗinsa na fansho ya yi wata biyu a teburina, don kawai ban sa hannu ba. Shi bai da jirgin ƙarshe da zai saya. Tun da na dawo ban ƙara barin fayil ya kwana uku a gabana ba, kuma abokan aikina da ke cikin zauren nan shaida ne.

'Yan'uwa, jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1911 ya iso Kano, kuma malamanmu da dama a cikinsa suka tafi makaranta. Mu ne muka taso muka tarar da tashoshi shiru, sai a 2016 muka ga na Abuja zuwa Kaduna. Ƙarfe da dogo ana sayensu da kuɗi, amma mutumin da zai rufe ƙofa a kan lokaci, ko da wa ke tsaye a bayanta, a makaranta ake yinsa. Malam mai horo, wanda ya sha sa mu yankan ciyawa saboda makara, yau na zo in ce ka yi gaskiya.

Saboda haka ina roƙon shugaba, taronmu na baɗi da aka ce ƙarfe goma, a fara shi ƙarfe goma, ko da mutum biyar ne a zaure. Yau sai sha biyu saura muka soma, kuma ni ma na ga waɗanda suka shigo bayana.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.