Ranar da Ƙanƙara ta Haihu: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

Mai girma shugaban taro, malamanmu iyayenmu da suka raine mu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Yayyenmu da ƙannenmu tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa.

An ba ni minti goma sha biyar in yi magana a kan ƙanƙara. Na san wani zai ce, mu da ba mu san ƙanƙara ba sai ta firji da wadda kan faɗo da ruwan farkon damina, ina ruwanmu? To, a yi mini haƙuri, a ƙarshe maganar za ta biyo ta gonakinmu.

A can ƙuryar kudancin duniya akwai nahiyar Antatika. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14, wato kusan Nijeriya goma sha biyar. Ƙanƙara ce ta lulluɓe ta, kaurinta kimanin kilomita 2, a wasu wurare ma ya wuce 4. Dusar ƙanƙara ce ta yi ta zuba shekaru dubbai, ta sama tana danne ta ƙasa har ta daskare kamar dutse. A arewa kuma akwai tsibirin Girinland, shi ma haka yake. Da ta Girinland za ta narke duka, teku zai tashi da mita 7. Ta Antatika kuwa, mita 58.

Wannan ƙanƙara ba a zaune take ba. Nauyinta yakan sa ta riƙa malala sannu a hankali zuwa gaɓa, kamar tuwo mai ruwa a kan faranti. Idan ta isa teku sai bakinta ya miƙe a kan ruwa yana yawo, har ran da ya tsage, wani yanki ya ɓalle. Turawa suna kwatanta wannan ɓallewa da haihuwar saniya, su ce ƙanƙara ta haihu. Ɗan da aka haifa shi ne tsaunin ƙanƙara, wanda kusan kashi tara cikin goma na jikinsa yake ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Irinsa ne ya nutsar da jirgin ruwan Titanic a 1912.

Kuma 'ya'yan nan ba ƙanana ba ne. Wanda aka yi wa laƙabi da B-15, da ya ɓalle a 2000, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 11,000 ne, ya ɗara rabin jihar Kano. A23a ya ɓalle tun 1986, wasunmu suna aji ɗaya, ya kafe a ƙasan teku fiye da shekara 30 kafin ya motsa, kuma a lokacin ya fi jihar Legas girma.

A nan ina roƙon malamanmu na kimiyya su sa mini ido. Idan ka jefa ƙanƙara a kofin zoɓo ta narke, zoɓon ba ya zubowa, domin tun tana yawo ta riga ta ci gurbinta. Haka tsaunin da ya ɓalle daga bakin da yake yawo a kan ruwa: narkewarsa ba ta ƙara wa teku tsawo sai ɗan abin da ba a rasa ba. Haɗarin yana wani wuri. Wannan baki shi ne tokarin da ya riƙe ƙanƙarar da ke kan tudu. An ga haka ƙuru-ƙuru a 2002, lokacin da bakin da ake kira Larsen B, mai murabba'in kilomita 3,250, ya wargaje cikin 'yan makonni, taurarin ɗan'adam suna ɗaukar hotonsa. Da tokarin ya tafi, sai kogunan ƙanƙarar da ke bayansa suka ƙara gudu, wasu har ninki takwas. Wannan ce ƙanƙarar da ke cika teku, don daga tudu ta fito.

Haihuwar ƙanƙara daɗaɗɗen abu ne. Abin da ya canza shi ne fita ta fi shiga. Taurarin GRACE, da aka harba a 2002 don auna nauyin ƙanƙarar daga sama, sun nuna Girinland tana asarar kimanin tan biliyan 270 a shekara, Antatika kuma wajen rabin haka. Kowane tan biliyan 360 yana ɗaga teku da milimita ɗaya. Wurin da ya fi tayar wa masana hankali shi ne kogin ƙanƙara na Thwaites a yammacin Antatika. Ruwan teku mai ɗan ɗumi yana shiga ta ƙarƙashinsa yana cin sa, ga shi kuma ƙasan da yake zaune a kai ƙara zurfi yake yi idan ana shiga ciki, don haka duk ja da bayan da ya yi, ƙofa ya ƙara buɗe wa ruwan. Shi kaɗai yana riƙe da santimita 65 na tashin teku.

Su kansu tekunan can abin yana taɓa su ta fuska biyu. Tsaunin ƙanƙara yana ɗauke da ƙurar duwatsu mai sinadarin ƙarfe, wanda yake zama taki ga ƙananan tsirran ruwa, su kuma su ciyar da jatan lande da kifi. Amma idan ya kafe a bakin gaɓa yakan tare hanya: wani ɓarin B-15 ya sa tsuntsayen fengwin tafiya mai nisa neman abinci, 'ya'yansu da yawa suka mutu.

Babbar maganar ita ce gishiri. Ruwan ƙanƙara ba shi da gishiri, don haka ba shi da nauyin ruwan teku. A arewacin Atilantika, ruwa mai sanyi da gishiri yakan nutse ƙasa, nutsewar nan ce take jawo ruwan ɗumi daga kudu zuwa arewa. Idan Girinland ta yi ta kwarara ruwan daɗi a wurin, nutsewar ta ragu, arewacin tekun ya huce. Damina kuwa ɗumi take bi. Idan arewa ta huce, sai layin hadarin da ke hauro mana daga teku kowace shekara ya tsaya a kudu, bai iso Katsina da Maraɗi yadda ya saba ba. Ya taɓa faruwa: kimanin shekara 16,000 da suka wuce, bayan rundunar tsaunukan ƙanƙara ta kwararo cikin Atilantika, fari mai tsanani ya afka wa Afirka har tafkin Biktoriya ya ƙafe. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa idan narkewar Girinland ta yi sauri, ruwan sama zai ragu ƙwarai a yankin Sahel, filin gero da dawa ya tsuke. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 a cikinmu sun san abin da ake nufi.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo.