Jawabi Game da Man Giyar Mota Mai Canja Giya da Kanta

Wannan jawabi ne ga hakimai, iyayen ƙasa, da malamansu na Bodinga da Shagari, domin da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano irin masu canja giya da kansu ne, watau otomatik.

A mota mai kuloci direba ne ke taka ƙafa ya ja giya. A otomatik kuwa mai ne ke yin wannan aiki. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai cikin giyabos, shi ke matse faya-fayan da ke ciki su kama juna, shi ne kuma ke kwashe zafi. Saboda haka kowane kamfani ya auna iyakar santsin da faya-fayansa ke so. A shekarar 1967 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da mai da ake kira Dexron, Ford kuma yana da nasa, Type F. Dukansu jajaye ne, amma na Ford bai kai Dexron santsi ba. In an zuba Type F inda ake son Dexron, sai giya ta riƙa shiga da fizga. In an yi akasin haka, sai faya-fayan su riƙa zamewa, inji ya yi ta kuka, giya ta yi jinkirin shiga, zafi ya taru har su ƙone. Toyota ma tana da T-IV na tsofaffin motoci, da WS na na baya. Giyar da ake kira CVT kuwa manta dabam ne ƙwarai.

To, a nan ɓarnar take. A aiki yaro tasha, a ce ya sayo jan mai, mai shago ya miƙa masa wanda ke kusa da hannu. Ja kuwa rini ne kawai, ba suna ba. Zafin bazara a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, motar hakimi kuma ba ta rasa jama'a da kaya in an fita rangadi. Giyabos ɗin da aka ba man da ba nasa ba yana iya tsai da mutum tsakanin Bodinga da Shagari da rana tsaka, gyaransa kuwa ya ninka kuɗin mai sau da yawa.

Lalle ne malamin hakimi ya duba littafin motar, ko sandar awon man giya, inda sau da yawa akan rubuta sunan man. Ya rubuta shi a takarda ya ba direba, kada a saya sai a rufaffiyar gora mai wannan suna. Ya kuma shigar da ranar canji da nisan da motar ta yi cikin littafin ofis. Direba shi ma ya riƙa ɗiga man a kan farin ƙyalle: in ya koma baƙi-baƙi yana ƙauri, ya sanar da malam a kai motar wurin bakanike kafin tafiya ta gaba.