Kyanwa Da Fitsari A Kan Tabarma

 Idan kyanwarku ta bar kaskon yashinta ta koma tsugunawa kan tabarma, ku ajiye bulala. Sau da yawa mafitsara ce ke ciwo. Asalin mage dabbar hamada ce, ba ta cika shan ruwa ba, a jikin ɓera take samun rabonta. Mu kuwa sai mu tura mata busasshen abincin leda, ga zafin Afrilu. Fitsari ya yi kauri, tsakuwa ta taru. Muzurun da ke yunƙuri yana kuka, ko ɗigo babu, a garzaya da shi wurin likitan dabbobi yau, domin toshewa tana kisa cikin 'yan kwanaki. Kada a ba shi farasitamol, guba ce gare shi.